Fastar Baba Ƙarami a Ɗakin Kaka

Ko yau in na ji warin sitacin da aka dama da ruwan zafi don liƙa takarda, sai in tuna bazarar da aka lulluɓe Zuru da fastocin 'yan takara. Ina firamare a lokacin, ba ni da yawan magana, kallo na fi iyawa. A hanyar makaranta daga unguwar Rikoto nakan tsaya gaban bangon wani shago in yi ta duban fuskokin nan. Na lura ba mai kallon mutum a cikinsu. Sama suke dubawa, can gefe, kamar an kira su daga kan dutse. Kuma babu mai inuwa a fuska, alhali mu in rana ta doke mu, gefe ɗaya ne ke haske.

Ɗaya daga cikinsu ƙanen babana ne, autan Kaka, wanda muke kira Baba Ƙarami. Ya daɗe a Birnin Kebbi bai leƙo gida ba. Fastarsa ce ta zo, aka liƙa ta a bangon ɗakin Kaka.

A shekarar idanun Kaka suka fara dushewa. Tana gane haske da duhu, tana gane fuska in an matso sosai. Burinta ɗaya ne, ta ga autanta kafin su rufe.

Wata safiya ta kira ni. "Ƙawata, zo ki ara mini idonki. Me ya sa a jikinsa?"

Na faɗa mata: farar babbar riga, doguwar hula, tuta a bayansa, damin dawa a gefe. Na ce kamar mai hoton durƙusawa ya yi, don ya fito dogo ƙwarai. Ta yi dariya har da tari.

"Wannan guntun? Ai sai ya taka turmi yake leƙa rumbu. Tabon fa?"

Yana da tabo a saman girar hagu. Garma ce ta sare shi yana saurayi, a wajen golmo, noman da samarinmu ke yi wa surukai. Kaka ce ta yi jinyarsa. Na matsa har hancina ya taɓa takardar. Hasken da aka watsa masa ya cika goshin, ya yi sumul kamar sabuwar ƙwarya. Na ce, "Babu, Kaka."

Can ta ce, "To, sun wanke mini shi."

Ta aika masa cewa ya zo, in kuwa ba zai samu zuwa ba, ya tsaya a rana a ɗauke shi kamar kowa. Da ya ci zaɓe, direbansa ya kawo wani hoton, babba, cikin gilashi. A wannan an sa haske ta bayan kansa, irin na hotunan da ke coci. Gilashin kuwa ƙyallin ƙofa kawai yake mayar wa Kaka. Ina ganinta da hantsi tana karkata kai dama da hagu, tana neman inda fuskar za ta fito. Damina ta sauka, ta wanke fastocin gari, suka zama tsumma a gindin bango. Kafin a yanke dawa Kaka ta daina karkata kai. Ba ta ƙara kirana in ara mata ido ba.

Ranar jana'izarta ya zo, da motoci. Fasto ya nemi hotonta don a sa a takardar addu'a. Aka buɗe akwatuna, aka zazzage jakunkuna, aka tambayi dangi har Dabai. Ashe ba a taɓa ɗaukar Kaka hoto ba. Baba Ƙarami ya zauna a bakin gadonta, ƙarƙashin nasa hoton, ya rufe fuska da hula.

Yanzu kowa na da waya mai goge fuska, har 'ya'yana sun iya. Sukan tambaye ni kamannin kakar babansu da tawa. Tasa sai ya buɗe waya ya nuna musu. Ni kuwa sai in fara da cewa gajeriya ce, in tsaya, domin kowace shekara abin da nake iya faɗa raguwa yake yi.