Goran Irin Iya

Ranar wata Laraba cikin kakar 1956, ina 'yar shekara tara, na tsaya a gindin turmi a gidanmu na Abakpa ina kallon kaji suna cinye guzurin kakata. Gawarta na ɗaki a lulluɓe, maza na ƙofar gida suna jira, babanmu kuwa yana tsaye da fasasshen gora a ƙarƙashin takalminsa.

Iya, mahaifiyar Baba, Bamagujiya ce daga ƙauyukan Kano. Shi Baba ya musulunta tun yana saurayi, ya zo Kaduna ya koyi aikin kafinta, da tsufa ya kama ta ya ɗauko ta. Ta zo da fartanyarta da bakinta, kuma ba wanda ta ajiye a ciki. Ta samu 'yar gona wajen Rafin Guza, lokacin duk daji ne, ina tasowa daga makaranta sai in bi ta korar tsuntsaye. Ba ta taɓa sa fartanya a ƙasa ba sai ta zuba fura a gindin tsamiyar bakin rafi ta gai da iskokin wurin. "Ba a shiga gidan mutane ba sallama," in ji ta. Ta hana ni jifan tsamiyar, ta hana ni watsa ruwan zafi a tsakar gida, wai akwai masu wucewa da goyo. Matan unguwa suna ce mata arniya da rana tsaka, amma yaro na fara suma za ka gan su sun zagayo ta baya neman saiwa. Ko kunya babu.

A wurin Iya, wanda ya mutu garin kakanni ya koma, can ma noma ake yi, kuma duk wanda ya isa ba iri a hannu zai ƙare a ƙwadago a gonar wasu. Ta ce kakanmu ya riga ya share musu fili, ita yake jira. Saboda haka kowace kaka sai ta zaɓi zangarniyar gero mafi cika, ta murje da tafin hannu, ta sauya na bara a cikin wani ɗan gora da ke rataye bisa gadonta. Abu ɗaya ta taɓa roƙon Baba: "Tanko, ko ba likkafani, ka sa mini gorana." Ya ce, "To, Iya," yana duban ƙofa kada wani ya ji.

Da ta cika, mazan unguwa suka ce ba mai ɗaukarta. Baba ya rantse musu cewa ta yi kalmar shahada kafin rai ya fita. Sai wani maƙwabcinmu, wanda Iya ta raya masa ɗa da jiƙonta, ya ce kowa ya san tana da goran tsafi, in da gaske ne a fito da shi. Baba ya shigo, ya ciro goran, ya zazzage geron a ƙasa, ya taka goran ya fashe. Sannan suka yi sahu. Na tsane su ranar, dukkansu, kuma ban gama hucewa ba. Baba bai ƙara kai fura bakinsa ba har ya koma ga Allah, mu ma ba mu taɓa tambayarsa dalili ba.

Yau ba tsamiya, ba gona, gidaje sun cinye bakin rafin. Na tsufa da carbi a hannu, na san ba abin da ke bin mamaci sai aikinsa. Amma in ina wanke gero kaza ta matso, sai in ga Iya sunkuye a gonar wasu, kakanmu na tsaye a filin da ba a shuka ba. Tafi ɗaya ne fa na gero, me zai tsare wa kabari?