Yaya Sabuwa, Na Shaida Kin Sha Maganinki

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ana tsaka da cirar gyaɗa, Allah Ya karɓi ran yayata Sabuwa a gidanmu na Durun. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Yaya, ke kika goya ni. Da Baba ya rasu, da man gyaɗa da ƙuli-ƙulinki kika riƙe gidan. Ko bayan na yi iyali, in na shigo kina suya sai kin damƙa mini na farkon kasko, kina tsokanata wai gemu bai raba ni da kwaɗayi ba.

Ba asirinki nake tonawa ba, domin da bakinki kika riƙa faɗa wa matan unguwa kina da ƙanjamau, don su je gwaji. Kika kuma faɗa musu kuskurenki: bayan rasuwar mijinki kin ajiye magani shekara biyu, har garkuwar jikinki ta karye.

Da tari ya kama ki, aka duba kakinki a asibitin Gwarzo aka ce tarin fuka ne. Ka'idarsu sai an naɗa wanda zai riƙa tsayawa a kan mara lafiya kullum safe har ya haɗiye ƙwayoyin. Kika zaɓe ni.

Wata huɗu muna yi, kina ƙara ramewa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Na tuna waccan shekara biyun, sai zuciyata ta yanke miki hukunci. Na fara cewa ki buɗe baki in duba ƙarƙashin harshenki. Na ɗaga tabarmarki ina neman ƙwayoyi. Kika dube ni kika ce, "Ubaidu, wallahi ina haɗiyewa. Jikina ne yake gaya mini wannan ba maganinsa ba ne." Na ce miki ba ki fi likita sani ba. Har na gaya wa Inna kina zubarwa, maganar ta fita gari.

Sai a wata na biyar aka tura kakinki babban ɗakin gwaji. Bayan makonni likita ya zaunar da ni ya ce ba tarin fuka ba ne, wata ƙwayar cuta ce danginsa da ba kasafai ake gani ba. Tana cikin ƙasa da ruwa, ta fi kama wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. A gwajin farko kamarsu ɗaya, amma maganinsu daban. Aka canza miki, sai dai huhun ya riga ya ci wuya. Kwana goma sha ɗaya kika ƙara.

A kwanakin nan na yi ta juya yadda zan roƙe ki gafara, kunya ta hana ni. Na ce sai kin ji sauƙi. Wannan abin yana cina.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Ya ba Inna da 'ya'yanki, Badi'a da Mahbub, haƙurin rashinki. Mutanen Durun da suka ji waccan magana daga bakina, ku ji wannan ma daga gare ni: Sabuwa ba ta taɓa zubar da ƙwaya ɗaya ba. Ni ne na tsaya a kanta, kuma ni ne na ƙi yarda da ita.

Ƙaninki,
Ubaidullahi