Mutumin da Ya Zo Neman Sauran Fim

Har yau na kasa mantawa da ranar da bakina ya kusa jawo a zubar da jini a wani ƙauye kusa da Kurmin Kogi. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun san ni da yawan shiru kafin magana. To, ba haka aka haife ni ba, a can na koyo shi.

Shekarun farko ne bayan an sami 'yancin kai, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen majigi. Mu uku ne a mota: direba, da Malam Barau afareta, mai sarrafa injin, wanda shi ne shugabanmu, sai ni mai bayani. Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, majigi fim ne da ake kai wa mutane har ƙauyensu. In mun isa gari sai mu fara gaida dagaci, ya nuna mana fili, mu ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, bayan sallar isha'i mu ta da janareto. Finafinan da Turanci suke, saboda haka Malam Barau yakan rage muryarsu, ni kuma in riƙe makirfo in riƙa gaya wa jama'a abin da ake ciki. Idonsu yana kan ƙyalle, amma kunnensu a hannuna yake.

Abin da aka aike mu da shi kuwa fim ɗin takin zamani ne, da na shuka auduga a layi, da na haƙa masai. Gaskiya ba sa riƙe mutum. Kafin a kai tsakiya, rabin fili ya watse. Sai Malam Barau ya yi dabara, ya aro wani fim na kaboyi wajen abokinsa a Zariya, ya kafa doka: ba wanda zai ga kaboyi sai ya zauna ya ga taki tukuna.

Labarin fim ɗin bai da wahala. Wa da ƙane ne masu shanu. Wani mai baƙar malfa ya harbe wan a mashaya, ƙanen ya hau doki ya bi sawunsa. Naɗi uku ne, kowane a gwangwaninsa, kuma da yake injinmu ɗaya ne, tsakanin naɗi da naɗi sai an dakata Malam Barau ya canza.

Muka fara da Kudan, muka zo Makarfi. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda fim ɗin ba ya ma buƙatata. Tsohuwar da ba ta taɓa jin Turanci ba, kafin in buɗe baki ta riga ta san wa za ta tsine wa. Na yi ta nazarin abin, ina son in gano sirrinsa. Sai na lura mutum ɗaya ne da buƙata ɗaya, ba ya ratsewa, kuma tun farko an ƙona maka zuciya tare da shi. Ƙarfinsa ke nan. Amma kurakuran da ke cikinsa ma manoma ba su bar su sun wuce ba. A Kudan wani ya ɗaga murya yana tambaya wace irin bindiga ce wannan da ba a ɗura mata. A Makarfi kuwa wani dattijon Bafulatani ya tare ni, ransa a ɓace da gaske, ya ce, “Malam, wannan yaro da ya kwana goma yana bin mutum, wa ya bar wa shanun?”

Na dai yi dariya na wuce.

Ni kuma kullum ƙara gishiri nake yi. Na raɗa wa ƙanen suna Jatau. A ƙarshen naɗi na biyu akwai wurin da wata mata take riƙe linzamin dokinsa tana roƙonsa ya haƙura. A nan nakan juyo wajen jama'a in ce, “Jama'a, wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya koma gida ya zauna, namiji ne?” Sai fili ya ɗauka, “A'a!” Ba a cikin fim ɗin maganar take ba, tawa ce, kuma ina ji da ita ƙwarai.

Daga Ikara muka shiga ƙauyen da nake ba ku labari, lokacin saran rake. Fili ya cika har kan katanga. Aka ga taki, aka shiga kaboyi, komai yana tafiya yadda na saba. Da aka zo wurin linzami na cika ƙirji na jefa tambayata.

Ba wanda ya amsa. Janareto kaɗai ake ji. Cikin hasken ƙyallen na ga kawuna suna juyawa, layi bayan layi, duk wajen wani mutum da ke zaune a gefe ya rungume gwiwoyinsa. Wani saurayi daga baya ya yi 'yar dariya. Naɗin ya ƙare.

Malam Barau yana canzawa sai ga dagaci da kansa a bayan injin. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Kai wa ya aiko ka? Ka san wanda ka yi wa wannan tambaya?”

Ya yi mana bayani a gurguje. Mutumin sunansa Tanko. Shekara uku da suka wuce wansa ya yi faɗa da maƙwabcinsu Haruna a kan iyakar fadama, Haruna ya buga masa ƙota, wan ya kwana biyu ya cika. Alƙali ya ɗaure Haruna, kuma Harunan bai fi wata biyu da dawowa daga gidan yari ba. Da ƙyar dattawa suka sa Tanko ya ce ya yafe a gaban jama'a, amma samari ba su daina yi masa habaici ba. Dagaci ya ce a rufe majigin haka nan.

Malam Barau ya ce, “Ranka ya daɗe, in na kashe yanzu, kowa zai tafi ya ƙarasa labarin da bakinsa, kuma a kan Tanko za a ƙarasa shi. Gara su gani.” Ya dube ni ya ce, “Kai ka ɓata, sai ka gyara.”

Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya sani. Na ce mai baƙar malfa yana da uwa tsohuwa. Na ce Jatau zuciyarsa tana gaya masa ya bari. A ranar na san iyakar makirfo. Hoton ya fi ni baki. Da Jatau ya zare bindiga mutumin ya faɗi cikin ƙura, filin nan ya ɗauke da shewa kamar ban ce komai ba. Da aka kunna fitila na duba gefen da Tanko yake, babu shi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in wani abu ya faru, da muryata aka yi shi.

Da safe muna naɗe ƙyalle sai ga shi tafe, da addar saran rake a hannu. Dogo ne, mai sanyin magana. Ya yi sallama, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ni kuwa idona yana kan addar. Sannan ya tsuguna ya ce, “Malam mai majigi, sauran na zo gani.”

Na ce, “Sauran me?”

“Sauran labarin. Na ga inda ya harbe shi. Daga nan fa?”

Na ce ai nan ya ƙare. Bai yarda ba. Ya nuna gwangwanayen da ke cikin mota, ya ce ga su nan da yawa. Malam Barau ya ce waɗannan na auduga ne.

Tanko ya ce, “Ba zan ɓoye muku ba, jiya har ƙofar gidan Haruna na kai. Na tsaya. Sai na ce bari dai in fara jin yadda shi wancan ya ƙare. Wa ya yi wa mamacin wanka? Da suka haɗu da 'yan'uwansa a kasuwa, me ya ce musu? Shi Jatau, da ya yi, zuciyarsa ta yi sanyi?”

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Na so in ce an kama Jatau an rataye shi, ko ya haukace. Amma na ga mutumin nan ba tsoratarwa ya zo nema ba, sani yake so, kuma jiya ƙarin gishirina ne ya kai shi ƙofar gidan mutum. Na ce, “Wallahi ban sani ba. Waɗanda suka yi fim ɗin ba su nuna ba.”

Malam Barau ya buɗe gwangwani na uku, ya warware ƙarshen naɗin, ya ɗaga shi wajen rana don Tanko ya gani da idonsa. Tanko ya ajiye addar, ya kama gefen fim ɗin da yatsu biyu yana bin ƙananan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya yaya aka yi mutum ya shiga nan, Malam Barau ya yi masa bayani iya yinsa. A hotunan ƙarshe Jatau ne a kan doki ya ba da baya, yana ƙanƙancewa, sai rubutu, sai baƙi.

Tanko ya ce, “Naɗin farkon nan gaskiya ne. Inda Jatau ya ɗauki malfar wansa ya rasa inda zai ajiye ta. Wanda ya yi wannan an taɓa yi masa mutuwa. Ni ma takalman yayana suna nan a zaure, na kasa ɗauke su.” Ya sake duban ƙarshen. “Amma wanda ya yi nan bai taɓa kashe kowa ba. Ina ya tafi?”

Na ce, “Wani gari, ina tsammani.”

Ya ce, “To ka gani. Shi yana da inda zai tafi. Ni fadamata tana jikin ta Haruna, masallacinmu ɗaya, ƙanwata ce uwar 'ya'yansa. In na yi, da safe ni zan ɗauki gawar.”

Ya miƙa wa Malam Barau fim ɗin da hannu biyu, ya ɗauki addarsa, ya yi mana fatan sauka lafiya, ya nufi fadama. Na bi shi da kallo har na ga ya shiga cikin rakensa, na ji sara ya fara. Sai a lokacin na koma kan naɗe ƙyalle.

Mun ci gaba da nuna fim ɗin, ba zan yi muku ƙarya ba, don shi yake tara mana jama'a. Amma daga ranar, kafin a ɗaura ƙyalle nakan zauna da dagaci in tambaye shi abin da ke damun garin. Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu tasowa. Mu masu wannan aiki baƙi ne, mukan zo mu ta da zukata mu loda kaya mu wuce, kamar dai Jatau. Waɗanda muka yi wa magana su ne za su wayi gari da juna. Bayan shekaru na sake bi ta ƙauyen na tambaya, aka ce Tanko da Haruna ba su taɓa komawa cin abinci tare ba, amma da Haruna ya rasu a kan shimfiɗarsa, Tanko yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.