Zouera Mai Ludayi Biyu

Shekaru da yawa, duk ranar Juma'a, Inna Zouera kan riga kowa isa ɗakin girkin masana'antarmu da ke Saint-Fons, a gefen birnin Lyon na Faransa. Daga unguwar La Guillotière take fitowa bayan sallar asuba, ta shiga jirgin metro, ta sauka ta hau bas, ta ratsa unguwar dogayen bututun hayaƙi da warin sinadaran da ke sa baƙo tari. Tana shiga sai ta sa farar rigar aiki, ta ɗora hular leda a kan ɗankwalinta, ta duba hagu da dama. In ta tabbata ba kowa, sai ta zaro wani ludayin itace daga jakarta ta tura shi ƙarƙashin tawul. Ludayin kamfani na ƙarfe ne, yana rataye inda kowa ke gani. Na itacen nata ne, kuma da shugabanninta sun san aikin da yake yi, da tuni sun nuna mata ƙofa.

Mutuniyar Garwa ce, ta ƙasar Kamaru. Ta sauka Paris a farkon shekarun 2000 da 'yarta Raliatou a hannu, bayan rasuwar mijinta. Aikin farko da ta samu a Aubervilliers yake, nan gefen Paris, wajen wani tsoho mai dafa abincin da ake kaiwa kasuwanni, kuma a can ta koyi pa'ela. Ga wanda bai sani ba, pa'ela dafa-dukar Sifaniyawa ce: shinkafa, jatan lande, kifi, da wasu halittun teku masu baƙin ɓawo, duka a faffaɗan kasko ɗaya. Matsalar ita ce Faransawa sun saba zuba mata shorizo, wani jan tsiran alade mai yaji. Shi ake fara soyawa, kitsensa ya narke ya yi ja, sannan a juye shinkafar a ciki.

Ranar da aka fara miƙa mata wuƙa aka ce ta yanka shi, ta ce mini sai da ta shiga makewayi ta yi kuka. Ta nemi wani aikin har takalminta ya cinye, ba ta samu ba. Takardar zamanta kuwa ta shekara ɗaya-ɗaya ce, kuma duk lokacin sabuntawa sai ta nuna tana da aiki a hannu. In aiki ya tafi, takarda na iya bin sa, in takarda ta tafi kuma, ita da Raliatou sai jirgin komawa gida. Da wannan fargabar ta kwana ta tashi a Paris, da ita ta zo Lyon lokacin da wani kamfanin dafa wa ma'aikata abinci ya ɗauke ta.

A nan ta tarar da mu: 'yan Cadi da 'yan arewacin Kamaru masu aikin ƙarfi, da irinmu 'yan Nijar da muka gama karatu muka shigo ɗakunan gwaji. Duk musulmin da ya zauna ƙasar nan ya san dabararmu. In ba ka yarda da nama ba, ka ci kifi. Juma'a ranar kifi ce a ɗakin cin abinci, don haka ranar muke sakin jiki, mu ci a gurguje mu ruga masallaci. Sai ga jar shinkafa da jatan lande a kai, kamar dafa-dukar gidan biki. Jan tsiran da ke ciki kuwa sak margez, tsiran naman rago da muke saya wajen mahauta Larabawa a La Guillotière. Masu wayon cikinmu, waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin, sai su tsince tsiran su ajiye gefe, su cinye shinkafar suna yi wa kansu kirari.

Ni ma haka na miƙa farantina a makona na farko, ina ɗan Damagaram da bai taɓa ganin teku ba, ina hura hanci da sabuwar takardar digiri. Ta dubi sunan da ke maƙale a ƙirjina, ta yi ƙasa da murya.

"Sa'idu, ɗan wane gari?"

Na yi turus da jin Hausa. "Damagaram, Inna."

"To ɗana, wannan ba margez ba ne. Ko ka tsince, kitsen ya riga ya shiga. Daga yau in ka zo, ka ce mini na gida. Kada ka ɗaga murya, don Allah."

Ta sunkuya ƙarƙashin teburi, ta ɗago da farantina cike da shinkafa mai launin ɗorawa, idanunta na kan ƙofar ofishin shef, shugaban ɗakin girkin.

Dokar kamfanin ita ce kasko ɗaya ga kowa. Wanda ba ya so, ga burodi ga cuku. Inna Zouera kuwa ta san mutumin da ya yini yana ɗaga buhunan sinadari ba zai kai yamma da burodi da cuku ba. Sai ta sauya tsarin girkin. Romon kifin take fara haɗawa, ta ɗanɗana gishirinsa tun yana da tsarki, ta ɗebi wani ta zuba a ƙaramin kasko a murhun baya, wanda ludayin itace kaɗai ke shiga. Sannan ta sa safar hannu ta soya shorizo a babban. Babban kaskon nan ba ta taɓa sanin ɗanɗanonsa ba, alhali Faransawa na komowa neman ƙari. Abokiyar aikinta Françoise, wata gajeriyar mace mai tsiwa 'yar asalin Lyon, ita ce harshenta. Ita ke lasa ta ce a ƙara gishiri ko a bari, ita ce kuma ke yin tari in ta hango shef.

Inna, mu dai ci muke, mu yi hamdala mu tafi. Ke ce kike tsaye da kunne ɗaya a ƙofa. Françoise ta ba ni labarin ranar da murfin tukunya ya faɗi a bayanki, kika zube kan kujera kina salati, kika kasa tashi sai da aka ba ki ruwa. Ba ki da taurin zuciya irin na jarumai, Inna. Matsoraciya ce ke, kin sha faɗa da bakinki, kuma kowace Juma'a kikan sake kunna murhun bayan.

A unguwa ma ba ta tsira ba. Magana ta zaga cewa Zouera alade take dafa wa Nasara. A wani taron suna na ga wata mata ta ture kwanon da ta kawo da bayan hannu, ta ce ita ta ƙoshi. Raina ya ɓaci, na yunƙura zan yi magana, Inna ta taka mini ƙafa. A hanya ta ce, "In ka wanke ni a nan, kafin Litinin maganar ta kai masana'anta. Bar su su ce." Haka ta haɗiye, don bakin da zai kare ta shi ne zai tona ƙaramin kaskon.

Abin da take tsoro ya zo a watan Yuni na 2013, ranar walimar da masana'anta kan yi kafin hutun bazara. An fito da tebura tsakar fili, an girka kaskon da ya fi tabarma faɗi. An kawo sabon shef mai suna Nicolas, ga kuma Madam Brigitte, wadda ke kula da duk ɗakunan girkin kamfanin a yankin, ta zo da kanta. Takardar Inna kuwa ta kusa ƙarewa, kuma a wannan karon tana sa ran a ba ta ta shekara goma, ta huta.

Nicolas ba mugu ba ne, mai rawar kai ne kawai. Ya ɗaga mayafin teburi, ya ga ƙaramin kaskon, ya ɗauka ragowa ce aka ajiye don masu neman ƙari. Ya ce wannan ai ba ta yi ja ba. Kafin Inna ta buɗe baki, ya ɗebo jan man da ke kwance a gefen babban kaskon, ya kwarara a ciki, ya juya, ya wuce abinsa. Ko yanki ɗaya na tsiran bai faɗa ba. Mai kallo ba zai ga komai ba sai shinkafa da ta ƙara kyau.

Françoise ta matso ta raɗa mata da Faransanci, "Ba wanda ya gani. Yau kaɗai, Zouera. Ki yi shiru."

Ina cikin layi, bayan Malam Mahamat, wani dattijo ɗan Cadi mai tuƙa motar ɗaga kaya. Ban san abin da ya faru ba a lokacin. Na dai ga fuskar Inna ta yi fari fat, gumi na bin gefen hularta. Madam Brigitte na tsaye kusa da ita, da kofi a hannu.

"Yaya Zouera, barka da Juma'a. Na gida," in ji Malam Mahamat, ya miƙa faranti.

Ta daɗe tana kallon farantin. Sai ta ce, "Malam Mahamat, janye. Yau babu na gida, kitse ya shiga. Ka gaya wa na bayanka."

Ya juyo ya gaya mini, na gaya wa na bayana. Maganar ta bi layi da Hausa, da Larabcin Cadi, da Fulatanci, mutane suka riƙa zamewa da farantansu wayam, har layin ya yi giɓi ko'ina. Sai na ga Madam Brigitte ta ajiye kofinta, ta juya wajen Inna.

"Me kika ce musu?"

Françoise ta yi caraf ta ce ai cewa ta yi shinkafar ba ta gama nuna ba. Nicolas ya zo ya ɗanɗana, ya ce ta nuna sarai, ya ɗaga hannu yana kiranmu mu dawo. Wasu sun fara juyowa, musamman sababbin da ke aikin wucin gadi, waɗanda ba sa iya ce wa shef a'a. Inna ta gan su suna tahowa. Sai ta faɗa wa Madam Brigitte komai da Faransancinta na kasuwa: kaskon, da ludayin, da shekarun.

Aka ce ta cire rigar aiki ta tafi gida, ta zo ofis ranar Litinin.

Ranar Lahadi da la'asar ni da Malam Mahamat muka je gaishe ta. Mun tarar ta sauko da akwatunanta daga saman kabad, ba ta zuba komai a ciki ba, tana zaune tana kallonsu. Raliatou, wadda ta fara karatun aikin jinya a shekarar, tana ɗaki ta rufe ƙofa. Muka ce gobe dukkanmu za mu raka ta.

"Kul! Rabinku kwantiragin wata uku gare su," in ji ta. "In na nutse, in nutse ni kaɗai. Amma wallahi Malam, tun shekaranjiya tunani ɗaya nake yi. Ina zan kai yarinyar nan?"

Françoise ce kaɗai ta bi ta ciki, kuma an ce har farfajiya ana jin muryarta. Madam Brigitte ba ta kore ta ba. Ta ba ta zaɓi: ko ta koma bakin murhu da kasko ɗaya, ta zuba wa duk wanda ya miƙo faranti ba tare da ta yi masa magana da wani yare ba, ko kuma ta koma ɗakin wanke-wanke. Matar da Faransawa ke layi don girkinta ta ce a ba ta wanke-wanke. Ta ce hannunta ba zai zuba wa ɗan musulmi abin nan bakinta na rufe ba.

Takardar ta fito da sanyin hunturu, ta shekara ɗaya kamar kullum. Ta goman sai daga baya ta zo. Inna ba ta sake riƙe ludayi a masana'antar nan ba. Shekara biyar ta yi tana kankare kitsen babban kaskon, har yatsunta suka kumbura zoben aurenta ya daina shiga. Duk da haka, ranar pa'ela takan leƙo ta tagar da ake miƙa farantai masu datti, in ta ga baƙuwar fuska a layi ta girgiza mata kai.

A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya. Kamfani ya ba ta furanni, Raliatou ta zo da farar rigarta ta asibiti ta ɗauke ta. A bakin ƙofa na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sani. Ta harare ni.

"Kai dai Sa'idu da tambaya. Har yau in na tuna farantin Malam Mahamat, sai tsoro ya kama ni. To amma da ya ci fa? Da wane ido zan amsa gaisuwarsa?"

Zouera ta Garwa, mai ludayi biyu, mun gode. Ke ce kika ci da mu a inda ba mu da uwa, kika sha zagi a kanmu, kika ba da murhunki don kada mu ci abin da ba mu sani ba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar hannuwan nan, Ya sanyaya miki zuciyar da ta daɗe tana bugawa.

Ku kuma 'yan'uwa da ke aiki a ɗakunan girki daga Aubervilliers zuwa Lyon, ba na ce kada ku ji tsoro ba, ita ma ta ji. Amma sababbin yaranmu sun iso a watan nan, da jakunkunansu da yunwarsu, ba su san komai ba. Juma'a mai zuwa pa'ela za a yi a Saint-Fons, kuma babu kowa a tagar. Wanda ke kusa da kasko a cikinmu, don Allah ya buɗe baki.