Hannuna Kawai Ya Fito

Tun da babbar 'yata ta iya latsa waya nake fargabar ranar da za ta shiga wajen hotuna ta duba da kyau. Ƙanenta ne ya cika wayar: ga shi a bayana, ga shi a cinyata, ga shi da hular Sallah. Ita kuwa 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in tsaya kusa da ita a ɗauke mu. Haka na taso na gani.

A Burumburum na girma, a ɗakin kakata Iya. In an idar da isha'i sai ta iza wuta a murhu, mu kewaye ta, ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Hotuna ne a ciki. Ga kakanmu da kwano a ka a ramin kuza na Riruwai. Ga Iya da ƙuruciyarta a tashar jirgin ƙasa, riƙe da lemar aro. Sai wanda ya fi ci mini rai: Ummanmu a bakin ruwan Tiga, ta rungume ƙanwata Rabi tana dariya. Da ni aka je ranar. Da mai hoto ya ce in matso, Umma ta juya mini baya don kunyar 'yar fari. Hannuna kawai ya fito a gefe.

"Yaya, ke hannu ce kawai!" Rabi ke nan, duk ranar da aka buɗe gwangwanin.

Rannan da hoton ya zagayo kaina, sai na kara shi a garwashi. Iya ta fizge, ta murje gefen da yatsu. Ban sha duka ba. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, mai fushi ta matso."

Wai wata mata ce da ƙore biyu. Ɗaya take kaiwa kasuwa kowa ya yaba zanenta. Ɗayar, wadda ta gada wajen uwarta, tana can cikin rumbu a naɗe da tsumma, don kada ido ya taɓa ta. Ƙwaryar rumbu ta ce lallai ƙin ta ake yi, ta gangara rafi, ruwa ya tafi da ita. Matar ta bi gaɓa tana kuka kwana bakwai, ƙwaryar ba ta ji ba.

"Kin ji, sarkin zuciya?" in ji Iya. "Abin da aka fi so ake ɓoyewa."

Na ce, "To Iya, wa ya gaya wa ƙwaryar?"

Sai ta ce barci take ji.

Da Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta, Rabi aka bar wa gwangwanin. Makon jiya daga gidanta a Kafin Maiyaki ta dinga turo hotunan a guruf ɗin 'yan uwa. Da ta turo na Tiga, kowa sai Masha Allah, kin ga kama! Na ƙara girman hoton ina neman hannuna. Babu. Ashe daidai nan wutar ta ci.

Ban san babbar 'yar tawa na tsaye a bayana ba.

"Mama, ke kina ina?"

Na ce ban fito ba.

"Kamar ni," ta ce, ko fushi babu a muryarta. "Ni ma na duba wayarki, ba na ciki."

Ashe ranar da nake tsoro ta daɗe da wucewa. Na tashi na saki labule, na jawo ta kan cinyata, duk da ta yi mini tsawo. Jikinta ya sandare don rashin sabo. Na ɗaga wayar na fara ɗaukar mu, sai a hoto na huɗu ta yi murmushi. Na tura wa Rabi, na rubuta a ƙasa: Ni da Safiya.

Har yanzu in na ga hoton Tiga raina na sosuwa, ba zan ɓoye ba. Don Allah, ke da ke karanta wannan, in kina da 'yar fari, ki ɗauki hoto da ita yau, ko a bayan labule ne, ki nuna mata.