Gaisuwa a Tsakiyar Ruwa

Ranar da na fara lura da Kawu Usaini safiyar wata ƙaramar Salla ce, ina 'yar yarinya, zaune a cikin jirgi ina tattare sabon zanena kada ya jiƙe. Inna na gabana, ta miƙe baya kamar mai zuwa karɓar sarauta. Baba Dantani, wani Bagunge, cikin mutanen tsibiran ruwan nan, maƙwabcinmu a Yelwa, shi ke tuƙa mu. Can sai na hango wani jirgi ya taso daga ƙetare, da wani dogon mutum a tsaye cikinsa, farar rigarsa na kaɗawa. Muka haɗu a kan wani tudun yashi da ke tsakiyar ruwa. Inna ta sauka, shi ma ya sauka. Suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya ce uffan. Sai Baba Dantani ya ɗaga filafilin da yake tuƙi da shi ya maka wa ruwa, fam! A tare, baki ɗaya, suka ce, "Barka da Salla."

Ku da kuka san shi kun san dalili, amma bari in faɗa saboda yaran da suka taso daga baya. Inna da Kawu tagwaye ne. Ita ce Hassana, ita ta fara faɗowa duniya, shi ne Usaini. Al'ada kuwa ƙarami ne ke zuwa gidan babba ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu ya ce shi ne wa, Inna ƙanwarsa ce. Inna ta ce ita ce ya, shi ƙanenta ne har ranar tashin ƙiyama. Saboda haka babu mai taka gidan wani da sunan gaisuwa, babu kuma mai fara buɗe baki. Idan ruwa ya cika ya shanye tudun yashin, sai a haɗa jirgi da jirgi a gaisa a haka.

An ce tun yana saurayi ya samo hujjarsa, daga bakin wata Bayarabiya mai sayen bandar kifi a kasuwar Yelwa. Ta gaya masa cewa a wajensu wanda ya fito daga baya shi ne babba, don shi ya aiki ɗan'uwansa ya je ya dubo masa duniya. Kawu ya ajiye kwandon kifi a nan, ya nufi gida da sassarfa.

"Hassana! Ashe aikenki na yi! Ni ab babba!"

Inna ta ce, "Aike? To mi kac ce in sawo maka?"

"Na ce ki dubo in duniya ta zamnu. Kinka tsaya kuka, ba ki komo da bayani ba, dole na biyo sawu."

Tun daga ranar bai taɓa janye maganar ba.

Kawu jiragen katako yake bugawa a wata tunga, ɗan ƙauyen bakin ruwa da ke ƙetare, kuma yadda ba ya barin kafa a jikin jirgi haka ba ya barin kafa a maganar zumunci. Kowa ya ce masa "ɗan'uwa" sai ya ajiye guduma. "Wane iri? Shaƙiƙi, ciki guda? Ko uba guda? Ko nono munka sha tare? Ko ɗan wan baba?" Wani baƙo ya taɓa ce masa, "Haba Malam, ai Musulmi duk 'yan'uwa ne." Ya ce, "Gaskiya ne, cikin masallaci. Nan bakin ruwa ne, sai ka yi bayani." Kalma ɗaya ce ba ya son ji ko kaɗan, wato "ɗan'uba". Ya ce duk gidan da aka fara kiran yaro da ita an fara raba kwanon tuwo ke nan. In uba ɗaya ne, a ce wa, a ce ƙane, a rufe baki.

Abin mamaki, wannan mutumin da ya ƙi rusuna wa Inna, idan ya ga Baba Dantani har ƙasa yake kai gwiwa. Mahaifiyar Dantani ta rasu yana jariri, kakarmu ta shayar da shi kafin ta haifi tagwayenta. "Wanga wana ne," in ji Kawu. "Ya riga ni nono. Babu gardama." Baba Dantani kuwa ba ya shiga rigimarsu. Nasa dai ya buga filafili.

Ni kuma na taso da karatun littattafan soyayya da muke haya a kasuwa, irin waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi. A cikinsu kowace yarinya "Yaya" take ce wa masoyinta, da wata murya mai narkewa. Da Malam Nasiru, wani malamin firamare, ya fara zuwa zance wurina, na ga ai lokacina ya yi. Wata rana da la'asar na rako shi bakin tashar jirage, rana ta yi ja a kan ruwa daidai yadda ake kwatantawa a littafi. Na sunkuyar da kai, na karya murya na ce, "Yaya Nasiru, sai yaushe?"

Ban san Kawu na tsugune bayan wani jirgi yana toshe masa kafa ba. Sai kawai na ga hula ta taso.

"Ramatu! Mi na ji kin ce?"

Na durƙusa da sauri. "Kawu, ina wuni."

"Bar wuni tukuna. Kai, samari, Hassana ta shayar da kai?"

Nasiru ya durƙusa. "A'a, Baba."

"Ubanku guda da yarinyag ga?"

"A'a, Baba."

"To ki zaɓa, ɗiyata. In yayanki ne, babu aure, sai ya kai ki ɗakin wani da hannunai. In kuwa aure ake so, ki nemo mai wani suna. Yaya ba turare ba ne da za ki shafa ma duk wanda ya burge ki."

Masu jirage suka kwashe da dariya. Na koma gida da gudu, na kifa kai a kan filo na yi kuka irin na littafi, ina jiran wani ya zo ya lallashe ni. Inna ta leƙo, ta ji abin da ya faru, ta ce, "Yau dai ƙanena ya yi magana mai kai." Ta ja labule ta tafi abinta. Har yau, da 'ya'yanmu da komai, "Malam" nake ce wa Nasiru.

Ranar ɗaurin aurenmu ma sai da ya nuna hali. Ya zo, amma iyakarsa ƙofar gida, ya shimfiɗa buzunsa a waje. Maroƙi ya hango shi ya ɗaga murya, "Ina Usaini, ƙanen uwar amarya!" Kawu ya miƙe, ya naɗe buzu, ya kama hanyar bakin ruwa, alhali shi ne zai karɓi baƙin ango. Aka bi shi ana ba shi haƙuri. Maroƙi ya gyara, "Usaini, wan uwar amarya!" Sai ga muryar Inna daga cikin gida, ta keta katanga: "Wa ya hwaɗi haka? A kore shi!" Bawan Allah ya tsaya yana share gumi. Can dabara ta zo masa, ya ce, "Usaini, abokin tahiyar Hassana!" Kawu ya juya maganar a ransa, ya dawo ya sake shimfiɗa buzu.

Mun daɗe muna ɗaukar abin nan wasa, abin ba da labari a wurin biki. Ni da kaina na fara jin zafinsa bayan Babanmu ya rasu. Inna ta yi takaba ta gama, Kawu kullum yana aiko da kifi da itace, yana zuwa ya zauna a zaure, amma bai taɓa shiga ɗakinta ba. Tsufa ya kama su duka biyu, jirgi ya fara yi wa Inna wuyar shiga. Na tsallaka na same shi a tunga, na ce, "Kawu, don Allah mene ne a cikin girman nan? Ko awa guda ba ta raba ku ba."

Bai ɗago daga katakon da yake fiƙewa ba. Ya ce, "Muna da shekara goma sha wani abu uwayenmu sunka rasu, ba mu da kowa sai Dantani, shi ko talaka ne kamarmu. Macen da ba ta da wa, kowa na iya taka ta. In ta yi yaji, gidan wa za ta? In an ci zalinta, wa za ya tsaya? Ƙane sai ya ba da haƙuri. Wa shi ka buga ƙasa." Ya hure garin katako. "Shi ya sa na zama wa. Ita ko ta ce ya uwa ce, ita za ta riƙe ni. Kin ji taurin kai!"

Na dawo a jirgi ina share hawaye da bakin mayafi. Duk littattafan da na karanta, ban taɓa cin karo da irin wannan son ba.

Da damina ta zagayo, ciwo ya kwantar da Inna. Aka kai ta asibiti aka dawo da ita, ba ta ci ba ta sha, sai ido. Mata suka fara zama jugum a tsakar gida. Abin da ke cin raina ɗaya ne: kada matar nan ta tafi ba su haɗa ido da ɗan'uwanta ba. Aka aika masa. Ya zo ya zauna a zaure tun hantsi, yana jan carbi, ya ƙi shiga. Baba Dantani ya riga mu gidan gaskiya a lokacin, babu mai buga musu filafili.

Na fita na durƙusa gabansa. "Kawu, tana kiran sunanka."

"Wane suna?"

"Usaini kawai ta ce."

Sai ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya ratsa tsakar gida, mata na ja da baya. Ya shiga ɗakin, ya tsaya a kanta. Sai na ga doguwar ƙafar nan ta lanƙwashe, gwiwa ta taɓa ƙasa.

"Yaya," in ji shi. "Yaya Hassana, ya jiki?"

Inna ta buɗe ido a hankali, leɓenta na motsi. Muka matso mu ji wasiyya.

"Ban jiya ba," ta ce. "Kunnena ya yi nauyi. Sake hwaɗi."

Wallahi sai da ya sake faɗa. Ta ce, "Ramatu, kin shaida?" Na ce na shaida, ina kuka ina dariya. Ta ce, "To a damo mani kunu."

Inna ta tashi! Mako bai zagayo ba tana zaune tana tsintar shinkafa. Kawu ya ce yaudara ce, a gaban duk wanda ya tsaya saurare. "Gaisuwar majinyaci ba ta shiga lissahi! Tausai ne na ji!" Inna ta ce akwai shaidu. Amma daga ranar ya riƙa shiga ɗakinta kai tsaye, ya zauna bakin gado, su yi ta gardama har a kira magariba. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na gani a gidanmu.

Shi ya riga ta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, a tungarsa. Aka ɗauko Inna a jirgi, karo na farko da ta taka gidansa, ta same shi an riga an rufe masa fuska. Ta zauna kusa da shi ba ta yi kuka ba. Bayan an kai shi, wata tsohuwa cikin masu zaman makoki ta so ta sanyaya mata rai, ta ce, "Hassana, ko da lissahinai ke ab babba yanzu. Ba shi ya ce babba ka aiken ƙarami ya yi gaba ba? Ga shi ya yi gaba."

Inna ta girgiza kai. "Ban aike shi ba," ta ce. "Da ni ab babba, da ban bari ya tahi ba."

Yau Inna tana wurina a Yelwa, idonta ya yi rauni, ba ta fita. Jikoki kan tambaye ta wane ne mai farar riga a hoton da ke jikin bango, takan ce, "Wana ne." Ba ta taɓa faɗin haka yana raye ba. Duk safiyar Salla takan sa a zaunar da ita a ƙofar ɗaki ta fuskanci ruwa, ta yi shiru na ɗan lokaci kamar mai jiran a buga filafili, sannan ta ce, "Barka da Salla," ita kaɗai.

Allah ya jiƙan Kawu Usaini, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Baba Dantani da ya yi ta tuƙa su. Idan lokacin Inna ya yi, Allah ya sada ta da ɗan'uwanta a inda babu ruwa a tsakaninsu. Amin.