Malam Sai-Na-Duba da Akwatin Katunansa

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ɗakin karatu na unguwarmu. Ya ɗaga labule, ya kunna fankar nan mai ƙara kamar tsohon keken ɗinki, ya goge tebura, sannan ya janyo akwatin katunansa. Kowane kati tambaya ɗaya ce: wace ƙasa ta fara ɗaukar kofin duniya, wane teku ne ya fi zurfi, tsirkiya nawa ce a jikin garaya. A bayan katin kuma, da fensir, sunayen littattafai biyu da lambar shafi. In bai sami amsa a littattafai biyu da ba su kwafi juna ba, tambayar ba ta shiga akwati. Daga nan ake ɗibar tambayoyin gasar kacici-kacici ta makarantunmu, tun ina koyarwa har na ajiye alli.

Malam Sai-Na-Duba muke ce masa, kuma ba don yabo aka laƙaba masa ba. Mutumin nan akwai ban haushi. Na taɓa tambayarsa a bakin ƙofa, ina sauri, ko gaskiya ne ana hango ganuwar ƙasar Sin daga duniyar wata. Ya ce, "Malama, sai na duba." Na ce ai kowa ya san haka. Ya ce, "Shi kowan, wane littafi ya rubuta?" Bayan kwana uku ya aiko min takarda har gida: ba a hangowa. Ni kuwa shekara ashirin ina gaya wa yaran mutane ana hangowa. Sati guda ban gaishe shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne gasar shekaru uku da suka wuce. Ina cikin zauren, da idona na gani. An zo zagayen ƙarshe, makarantu biyu sun yi kunnen doki, wanda ya ci kuma gurbin karatu kyauta ke jiransa. Sai shugaban kwamitin gasar ya ce tambayar raba gardama shi zai yi ta daga kansa, ba daga akwati ba.

"Wace ƙasa ce ta fi yawan dala, irin waɗanda sarakunan zamanin da can suka gina don kaburburansu?"

Yarinyar da ke wakiltar ɗaya daga cikin makarantun, 'yar mai gyaran takalma ce ta bakin kasuwa, ta ce, "Sudan."

Shugaba ya yi dariya a cikin lasifika. "Masar, 'yata. Ko jariri ya san wannan." Zaure ya kaure da tafi. Malamai masu digiri suna ta gyaɗa kai, yarinya ta sunkuyar da nata.

Sai Malam ya miƙe daga teburin alƙalai. "Ranka ya daɗe, a dakata. Yarinya ce da gaskiya."

"Malam, zauna."

"Zan zauna. Amma wannan na riga na duba."

"Wai kai ne shugaba ko ni?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Sai dai su dalar ba a sanar da su hakan ba."

Ya fita da ƙafa, ya bar manya suna fifita da takardun shirin taro, ya dawo da littattafai biyu a hammata, ya buɗe su a gaban shugaba. An ba yarinya gurbinta. Ba wanda ya ba ta haƙuri.

Shekara ta kewayo, takardar gayyata ba ta zo wa Malam ba. Wai ba ya ganin girman manya. Yanzu daga waya suke kwaso tambayoyi da safiyar gasa. Bara malamai biyu suka yi ta musu a kan amsa ɗaya, kowa na ɗaga wayarsa, aka ba wanda ya fi murya gaskiya. Wannan suke kira ilimi, kuma a gaban yara.

Malam, kai ne ka zaɓi a raba ka da kujera da a raba 'yar talaka da haƙƙinta. Kai ne ka koya min, da furfurata, cewa yawan masu faɗin abu ba ya mayar da shi gaskiya. Har yanzu kana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba, amma na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kwamiti kuwa ko wasiƙa bai rubuta ba. Ku malamai matasa, ku je ku zauna kusa da shi kafin ya miƙa makulli, ku ga yadda ake juya kati a rubuta shaida a bayansa. Ku iyaye, ku je ku yi masa godiya. Amma kada wani ya miƙe ya ce shekara arba'in ya yi yana hidima. Talatin da takwas ne da wata huɗu, kuma wallahi a gaban jama'a zai gyara muku.